Daga Haƙƙi Zuwa Alheri: Nazarin Harshen da Bahaushe Ke Auna Aikin Ɗan Majalisa da Shi

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci kalmomi da jimlolin da Hausawan Arewacin Nijeriya ke amfani da su wajen bayyana aikin zaɓaɓɓen wakili a mazaɓarsa. An dubi kalmar "wakili", da aikatau "kawo" da danginsa, da jimloli masu ɗauke da "mana", sannan aka auna su da nauyin da Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora wa ɗan majalisa. Maƙalar ta gano cewa harshen yabo yana sanya aikin da aka yi da dukiyar jama'a a gurbin alheri, wanda sakayyarsa godiya ce, alhali harshen ƙorafi yana mayar da dukiyar ga masu ita. Wannan rabuwa tana da tasiri a kan irin matsalolin da wakili ke zaɓar ya tunkara.

Fitilun kalmomi: wakilci, ɗan majalisa, ayyukan mazaɓa, alheri, haƙƙi, kiranye

1.0 Gabatarwa

Tun komawar Nijeriya mulkin farar hula a 1999, kowane mai ƙuri'a a jihohin ƙasar yana da wakilai huɗu a majalisu: kansila a ƙaramar hukuma, ɗan majalisar dokokin jiha, ɗan Majalisar Wakilai da kuma sanata. Jihar Kano kaɗai tana da sanata 3, da 'yan Majalisar Wakilai 24, da 'yan majalisar jiha 40, da mazaɓun kansila 484 a ƙananan hukumomi 44. Duk da wannan yawa, idan aka tambayi mutum ko wakilinsa ya yi aiki, amsar takan tsaya ne a kan abin da ido ya gani: rijiyar burtsatse, ajin makaranta, taransifoma, kekunan ɗinki ko rabon taki. Da wuya a ji an ambaci ƙudirin da ya gabatar ko binciken da ya sa aka gudanar.

Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa wannan ma'auni yana da gindi a cikin harshe. Misalan da aka kawo jimloli ne gama-gari da ake ji a shirye-shiryen siyasa na gidajen rediyo da majalisun hira, ake kuma karantawa a allunan da ake kafawa a gaban ayyuka.

2.0 Ma'anar Wakili a Wurin Bahaushe

Kalmar "wakili" ararriya ce daga Larabci, haka ma "majalisa" da "ƙuri'a". Kafin zuwan siyasar zaɓe, Bahaushe ya san wakili ta fuskoki biyu. Fuska ta farko ita ce ta shari'a da mu'amala, kamar wakilin ango a wurin ɗaurin aure, ko wanda aka wakilta ya sayar da gona. A nan wakili baki ne na wanda ya tura shi. Ba ya faɗin abin da ba a ce ya faɗa ba, kuma a asalin hukuncin wakilci a fiƙihu, wanda ya wakilta yana da ikon sauke wakilinsa.

Fuska ta biyu ita ce ta sarauta. A birnin Kano, alal misali, akwai sarautun Wakilin Gabas, Wakilin Yamma, Wakilin Kudu da Wakilin Arewa. Irin wannan wakili idon sarki ne a cikin jama'a, ikonsa daga sama ya sauko, kuma ga na sama yake kai bayani. Ke nan kalma ɗaya ta ɗauki wakilci iri biyu masu fuskantar juna: na farko daga jama'a yake tashi, na biyu kan jama'a yake sauka. Tsarin mulki ya gina kujerar ɗan majalisa a kan ma'ana ta farko, amma laƙubba irin su "mai girma", "Honarabul" da "maigida", tare da gaisuwar "ranka ya daɗe", suna jan kujerar zuwa ma'ana ta biyu.

3.0 Abin da Doka Ta Ɗora wa Ɗan Majalisa

Sashe na 4 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba majalisa ikon yin doka. Sassa na 80 da 81 sun sanya amincewa da kasafin kuɗi a hannunta, sashe na 88 kuma ya ba ta ikon bincikar yadda ma'aikatu da hukumomi ke aiwatar da doka da kashe kuɗi. Gina hanyoyin cikin gari da magudanun ruwa, kula da kasuwanni da tashoshin mota da maƙabartu, da kwashe shara, duk Jadawali na Huɗu ya lissafa su cikin ayyukan ƙananan hukumomi, tare da sa hannu a harkar ilimin firamare da kiwon lafiya.

Sai dai jama'a ba su juya ga ɗan majalisa haka kawai ba. Shekaru da dama kason ƙananan hukumomi 774 yana bi ta asusun haɗin gwiwa da jihohi, yawancinsu kuma kantomomin riƙo ne suka riƙa tafiyar da su, har zuwa ranar 11 ga Yuli, 2024, da Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa tura musu kuɗinsu kai tsaye. Da ƙofar da ta fi kusa ta rufe, sai talaka ya nufi wadda ya gani a buɗe. A ɗaya ɓangaren, tsarin ayyukan mazaɓu, wanda ya samo asali a zamanin Shugaba Olusegun Obasanjo, ya ba 'yan majalisar tarayya damar zaɓar ayyukan da za a sanya a kasafin kuɗi domin yankunansu, kuma an daɗe ana ware naira biliyan 100 a shekara don haka. A ƙa'ida, ɗan majalisa nuna aiki da wuri kawai yake yi. Ma'aikata ko hukumar gwamnati ce ke bayar da kwangila, kuɗin kuma daga baitulmali yake fitowa.

4.0 Nahawun Yabo

Ga jimlolin da aka fi ji idan ana yaba wa wakili:

(1) Ya kawo mana wuta.
(2) Ya samo wa yaranmu aiki.
(3) Ya jawo mana titi.
(4) Ya yi mana rijiya.
(5) Ya raba wa mata jari.

Aikatau na jimloli (1) zuwa (3), wato "kawo", "samo" da "jawo", duk 'yan aji shida ne a rabe-raben Parsons. Alamar wannan aji ita ce wasalin -o a ƙarshe, kuma yana nuna cewa aikin ya faro daga wani wuri ya nufo inda mai magana yake. Mai faɗin jimla (1) yana kallon wutar a matsayin abin da ke can nesa, a Abuja ko babban birnin jiha, wanda ba shi da rabo a cikinsa sai da wani mai ƙarfi ya je ya ɗauko. Jimlar ba ta bar gurbin da za a nuna cewa kuɗin na jama'a ne tun asali ba.

Abu na biyu shi ne "wa" da "mana", masu gabatar da wanda aka yi aikin dominsa. A dukkan jimlolin biyar, wakili ne aikau, jama'a kuma masu karɓa. Wannan shi ne ginin jimlar kyauta a Hausa, daidai da "ya ɗinka mini riga" ko "ya biya mata kuɗin makaranta". Allunan ayyuka ma a kan wannan tsari ake rubuta su: sunan ɗan majalisa da hotonsa da manyan baƙaƙe, sunan hukumar da ta biya kuɗi da na ɗan kwangila kuma a ƙasa, idan ma an sa su. Adadin kuɗin aikin ba safai yake fitowa ba.

Da zarar aiki ya shiga gurbin kyauta, sai ladubban kyauta su hau kansa. Bahaushe na cewa yaba kyauta tukuici, kuma mai raina abin da aka ba shi ana kiran sa butulu. Saboda haka wanda ya tambayi dalilin da ya sa burtsatse ta ƙafe bayan wata shida, ko rufin aji ya yaye a damina ta farko, yakan sami kansa a matsayin marar godiya ko ɗan adawa. Furucin "romon dimokuraɗiyya" ya ƙara fito da wannan tunani fili. Romo ba nama ba ne, ruwan da aka dafa naman ne, kuma mai shan romo ya riga ya yarda cewa tsokar ta wani ce.

Ba a musun cewa akwai 'yan majalisar da suka zaɓi ayyuka masu amfani, suka tsaya har aka kammala su. Abin lura shi ne ginin jimlar bai bambanta mai gaskiya da mai ha'inci ba, kowannensu "kawowa" ya yi. A Nuwamba 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya bayyana cewa an ware kimanin naira tiriliyan 1 ga ayyukan mazaɓu cikin shekara 10 ba tare da an ga tasirin da ya dace ba. A shekarar ce kuma hukumar ICPC ta fara bibiyar waɗannan ayyuka, inda ta riƙa tilasta wa 'yan kwangila komawa bakin aikin da suka yi watsi da shi.

5.0 Nahawun Ƙorafi

Harshen bai rasa hanyar nuna mallakar jama'a ba. A dubi waɗannan:

(6) Ya cinye mana kuɗi.
(7) Sun danne mana haƙƙi.
(8) An karkatar mana da aiki.

"Mana" ɗin da ke nuna amfani a jimla (4) shi ne ke nuna cutarwa a jimla (6), kuma a nan ma'anar mallaka ta bayyana, domin ba a cinye wa mutum abin da ba nasa ba. Ke nan mai magana ɗaya yana ɗaukar kuɗin a matsayin na wakili ranar da aka yi aiki, ya ɗauke shi a matsayin nasa ranar da aka ƙi yi. Tunanin haƙƙi yana nan a raye, sai dai ba ya farkawa sai bayan ɓarna ta auku.

Tarihin siyasar Arewa ya nuna cewa ba kullum haka abin yake ba. A watan Agusta 1950, Abubakar Tafawa Ɓalewa, ɗan majalisa daga Bauci, ya gabatar da ƙudiri a Majalisar Dokokin Arewa yana neman a binciki tsarin mulkin En'e a kuma gyara shi, saboda koke-koken talakawa. A watan ne kuma aka kafa NEPU a Kano, jam'iyyar da ta cika fagen siyasa da kalmomin "sawaba", "'yanci", "zalunci" da "talaka". Malam Aminu Kano, wanda ya ci kujerar Kano ta Gabas a Majalisar Wakilai a 1959, da tsayuwa a kan haƙƙin talaka ake tuna shi. Haka nan abin da aka fi ambato daga gwamnatocin PRP na Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna shi ne soke haraji da jangali. Aikatau na wancan zamani su ne "soke", "hana", "ƙwato" da "tsaya wa", waɗanda ke nuna ɗauke nauyi daga kan jama'a.

6.0 Matsalar da Ba Ta Kawuwa

Illar ma'aunin "kawowa" ta fi bayyana a kan matsalolin da ba a ɗora su a mota. Misali shi ne dausayin Haɗeja da Nguru. Bayan gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, yanayin gudanar kogin Haɗeja ya sauya. Ruwan da a da yake cika da damina ya janye da rani ya koma yana gudana kusan duk shekara, lamarin da ya ba ciyawar kacala damar mamaye hanyoyin ruwa. Toshewar ta sa wasu gonaki na nutsewa, wasu kuma ruwan ba ya isa gare su, masunta da makiyaya su ma abin ya shafe su.

Maganin wannan matsala yana tattare da tsarin sakin ruwa daga madatsun, da yashe hanyoyin ruwa a kai a kai, da sa ido a kan kasafin Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, da haɗin kan wakilan Kano da Jigawa da Yobe. Waɗannan su ne ainihin ayyukan ɗan majalisa, amma babu allon da za a kafa a gabansu. Wakilin da ya shekara yana bibiyar hukuma a zauren kwamiti zai iya dawowa gida a ce bai kawo komai ba, wanda ya raba injin ban ruwa ɗari kuwa a yi masa kirari. Mai neman a sake zaɓensa ya san wanda ya fi riba a cikin biyun.

Sashe na 69 ya tanadi kiranye, wato ikon sauke wakili da ma'anar farko ta kalmar ta ƙunsa. Sharaɗinsa shi ne fiye da rabin masu rajistar zaɓe na mazaɓa su sa hannu a takardar koke, sannan hukumar zaɓe ta gudanar da ƙuri'ar raba gardama cikin kwana 90. Yunƙurin da aka yi a kan Sanata Dino Melaye na Kogi ta Yamma ya rushe a Afrilu 2018 a matakin tantance sa hannu, inda waɗanda aka tabbatar ba su kai kashi 6 cikin 100 na masu rajista ba. Tsaurin sharaɗin ya sa a aikace ranar zaɓe ce kaɗai ranar hisabi, a ranar kuma da harshen yabo ake yin lissafi.

7.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa aikatau 'yan aji shida da jimlolin "mana" suna gabatar da aikin mazaɓa a matsayin alherin wakili, yayin da jimlolin ƙorafi ke tabbatar da cewa mai magana ya san dukiyar tasa ce. Raunin ƙananan hukumomi da talauci su ne tushen dogaro da ɗan majalisa, harshe kuma yana ba dogaron kamannin ladabi. A nan masana Hausa da masu fassara da 'yan jarida suke da abin yi. "An gina rijiya da kuɗin gwamnatin tarayya bisa shawarar ɗan majalisa wane" Hausa ce tsantsa, kuma ta fi "wane ya kawo rijiya" kusa da gaskiya. Akwai buƙatar a tattara rubuce-rubucen allunan ayyuka da kalaman sojojin baka na rediyo a ƙididdige waɗannan aikatau, a kuma kwatanta su da yadda Hausawan Maraɗi da Damagaram ke magana a kan nasu wakilan, domin a gane abin da ya fito daga harshe da abin da tsarin siyasar Nijeriya ya haifar.