Kwanson Sandar Sitiyari Ya Tsage: Walda Ko Sauyi?

Tambaya: Ina da ƙaramar motar tsere mai ƙofa biyu, ta hannu na saya. Kwanson da sandar sitiyari ke ciki ya tsage, sitiyarin yana rawa, makulli ma sai na yi ta jijjiga kafin ya juya. An ce in kai wa mai walda. Mene ne shawararku? Daga mai karatu a Gumbihini, Tamale.

Amsa: Malam, don Allah kada ka kai walda. Kwanson nan shi ke riƙe da boris, da makulli, da maɓallan sigina da fitila. Kuma tun 1967, lokacin da General Motors na Amurka ya fara sa irin wannan sanda a motocinsa, ake ƙera ta yadda za ta lanƙwashe ta shige cikin kanta idan an yi karo, maimakon ta doki ƙirjin direba. Walda na iya ƙanƙare wurin da aka yi don ya saki, zafinta kuma yana lalata boris. Ga shi motarka ta gudu ce. A sauya kwanson kawai.

Kafin ka sayi wani, a duba ko an taɓa juya wa motar sitiyari. Tun 4 ga Agusta 1974 Ghana ta koma tuƙi a hannun dama, don haka motocin Japan da Ingila masu sitiyari a dama akan mayar da su hagu. Idan taka tana cikinsu, lambar shasi kaɗai ba za ta isa a samo kwanson da zai dace ba. Ka tafi da tsohon kwanson zuwa wurin masu sayar da kayan mota na Suame Magazine a Kumasi ko Abossey Okai a Accra, a ajiye shi gefe da gefe da wanda za ka saya, a gwada rami da rami.

Wajen aikin, bakanike ya miƙe tayoyin gaba, ya cire kan batir, ya dakata kamar minti goma saboda jakar iska, sannan ya sa alama a sitiyari da sandarsa. A bayan sitiyarin akwai wata siririyar waya a naɗe kamar faifai, ita ke kai wuta ga hon da jakar iska. Idan aka bari ta warware, tana iya tsinkewa wajen murɗa sitiyari. Kusoshin da ke riƙe makulli kuwa da gangan aka yi su kawunansu su karye wajen ɗauri, don ɓarawo ya rasa wurin kamawa. Sai da kurfi ko na'urar huda ake fitar da su, kuma sababbi ake mayarwa. In tsohon makullinka lafiyarsa ƙalau, a dawo da shi, domin motoci da yawa ba sa tashi sai kwamfutarsu ta gane ɗan makullin.

Da an gama, ka murɗa sitiyari har ƙarshe dama da hagu, ka danna hon, ka tabbata fitilar jakar iska ta mutu bayan an tada mota. Ka fara gwada ta a layin da ba cunkoso kafin ka shiga cikin baburan Tamale.