Zaɓen Tebur da Wurin Zama a Gidan Sayar da Abinci

Sau da yawa mutum yakan tara jari ya buɗe gidan abinci, ya kashe rabin kuɗin a kan tebura da kujeru irin waɗanda ya gani a birni, sa'an nan ya wayi gari masu ciniki suna wucewa zuwa rumfar maƙwabcinsa, wanda ba shi da kome sai tabarmi. Dalili kuwa shi ne bai duba ko su wane ne za su ci a wurinsa ba. Don haka ya kamata hakimai da malamansu su san wannan al'amari, domin su ba talakawansu shawara tun ba a yi hasara ba.

Masu cin abinci iri uku ne. Na farko matafiya da direbobi na tasha. Su masu hanzari ne, dogon tebur da benci ya ishe su, gama benci guda yana ɗaukar mutum biyar ko shida. Na biyu 'yan kasuwa da manoma da makiyaya, irin waɗanda ke cika kasuwar Wudil ran Jumma'a. Waɗannan sun saba haɗa hannu a kwano ɗaya, sun fi sakewa bisa tabarmar kaba a inuwa. Na uku ma'aikata da baƙi masu zama su yi shawara. Su sai ƙaramin tebur na mutum huɗu, da kujera mai majingina marar hannu, don hannun kujera yakan kama babbar riga. Mata kuma a keɓe musu wuri da labule ko zana, in ba haka ba sai su saya su tafi, ko su ƙi zuwa. Tsofaffi da masu ciwon gwiwa a ajiye musu kujera kusa da ƙofa.

Ga awon da za a ba kafinta. Tsayin tebur inci 30, na mazauni inci 18, watau a bar inci 12 domin cinya. Kowane mutum a ba shi faɗin ƙafa 2 a bakin tebur. Hanyar da mai kai abinci zai bi kada ta kasa ƙafa 3, don kada a zuba wa wani miya mai zafi.

Wajen kaya, katakon maɗaci yana da ƙarƙo, amma farin katako mai taushi abincin gara ne. Kujerar roba tana da saukin wanki, sai dai rana tana sa ta tsage. Ta ƙarfe kuwa takan ɗau zafi da bazara, ta yi tsatsa da damina. Lalle saman tebur ya zama sumul, gama a cikin tsaga maiƙo yake maƙalewa ya tara ƙuda, ƙuda kuwa yana yaɗa zawo da atuni. Tabarma a kakkaɓe ta, a shanya kullum. Buta da sabulu su kasance a ƙofa, kada kowa ya wanke hannu a ruwan da wani ya wanke.

Idan mai neman buɗe gidan abinci ya zo wurin hakimi, sai malami ya tambaye shi inda zai kafa, da irin mutanen da ke bin wurin, da yawan jarinsa, a ba shi shawara daidai ruwa daidai tsaki. A tuna masa kuma, shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.