Darasi na 6: Sukari da Kitse a Jinin Mai Allurar Insulin

Ɗan'uwa mai ciwon sukari, insulin ba sukari kaɗai yake saukarwa ba. Idan ya yi ƙaranci a jiki, kitse ma yakan taru a jini, wani lokaci har jinin da aka ɗiba ya yi fari-fari kamar madara. Sannu a hankali hanyoyin jinin zuciya suna toshewa, kai kuwa ba ka jin komai. Saboda haka a auna maka kitse sau ɗaya a shekara.

Masu zuwa ci-rani Sabha, a kudancin Libiya, ku kula: zafin can yakan wuce digiri 40, insulin kuwa yana raunana sama da 30. Ku ajiye kwalbar cikin tukunyar ƙasa mai jiƙaƙƙen yashi, a inuwa. Dabinon Fezzan kuma, biyu ko uku sun isa.