Wace manhaja zan riƙe don zanen gini?

Ni matashi ne mazaunin Badariya a Birnin Kebbi. Bara na kammala difloma a fannin zanen gine-gine a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru. Kawuna ya sayi fili a Argungu, ya ce in zana masa gida mai ɗaki huɗu da zaure. Na kwana tara ina fama da SketchUp, gida ya fito tsaf, har da fenti da bishiyar darbejiya a ƙofa. Kawu ya gani a waya, ya yi ta sa mini albarka. Ranar da muka je filin, tsohon birkilan da zai yi aikin ya karɓi takardar, ya juya ta sama da ƙasa, ya ce, "Ɗana, wanga hoto na. Ina awo nai? Ina zan kafa turke?" Na rasa ta cewa.

Abokaina kowa da bakinsa. Wasu sun ce AutoCAD, wasu sun ce zamaninsa ya wuce, Revit ake yayi, wani kuma ya nace sai ArchiCAD. Na je wani shago aka ɗora mini Revit na sata, kwamfutata mai ƙwaƙwalwa gig 4 ta ɗau zafi ta ƙame. Kuɗina kaɗan ne, wutar lantarki kuma ba ta zama. Malam, wanne zan riƙe?

Ɗanku daga Badariya

To, ɗana. Da farko ka koma ka gaishe da tsohon nan, domin tambayar da ya yi maka ita za ka riƙa yi wa kowace manhaja: za ta fitar da takardar da birkila zai ɗora tef a kai ya ja igiya?

Abin da ka kai masa hoton tallata gida ne, na gamsar da mai kuɗi. Zanen aiki takardu ne da dama. Akwai na fili, mai nuna iyaka da tazarar gini daga hanya da wurin shadda da rijiya. Akwai na shimfiɗar ɗakuna, galibi a ma'aunin 1:100, kowane bango da kaurinsa: bulo inci 9 milimita 225, inci 6 milimita 150. Sai fuskokin gida, da zanen rufi, da jerin ƙofofi da tagogi, da wanda matasa suka fi gudu, wato zanen da ke yanka gida daga harsashi zuwa kwano. A Argungu wannan na ƙarshe ya fi duka muhimmanci. Wanda ya ga abin da ambaliyar 2020 ta yi a kwarin Rima ya san tsayin daɓe a kan titi magana ce ta rai da dukiya, kuma a wannan zanen ne ake rubuta shi.

Ka kula da wani abu ƙarami. Kai da milimita aka koya maka, birkila da ƙafa yake lissafi. In ka rubuta 3,600 ya karanta shi ƙafa 12, ya ƙara maka milimita 58 ke nan, don ƙafa 12 ta kai 3,658. A jerin ɗaki huɗu, kusan kaurin bulo inci 9 ya ƙaru, ƙila har gini ya taka filin maƙwabci. Ku daidaita a kan awo ɗaya tun kafin a haƙa ƙasa.

Shawarata ita ce ka riƙe AutoCAD ko ɗaya daga cikin danginsa, ka iya shi sosai. Tun 1982 kamfanin Autodesk ya fito da shi, kuma fayil ɗinsa na DWG shi ne wanda injiniya da safiyo da mai buga manyan takardu za su buɗe ba tare da sun kira ka ba. Zanen shimfiɗe ba ya cin ƙarfin kwamfuta kamar Revit, batir ma ya fi daɗewa. Matsalar kuɗi ce. Tun 2016 Autodesk ya daina sayar da lasisin dindindin, haya ake biya, farashin kuma yana bin dala. AutoCAD LT ya fi sauƙi, kuma ya isa aikin da ke gabanka. Akwai ZWCAD da GstarCAD na ƙasar Sin, da BricsCAD na Beljiyam. Duka suna buɗe DWG, hannun da ya saba da AutoCAD ba ya baƙunta a cikinsu, kuma ana iya sayensu sau ɗaya. In aljihu bai kai nan ba, LibreCAD kyauta ce, ta halal, tana ajiye DXF wanda AutoCAD ke karantawa. Ba ta da ƙawa, amma za ta zana gidan kawunka da cikakken awo.

Abokanka masu Revit suna da gaskiyarsu. Shi da ArchiCAD na kamfanin Graphisoft da ke Hungary ginin gaba ɗaya suke ginawa a cikin kwamfuta: ka matsar da taga, sai ta matsa a kowane zane, lissafin kaya ma ya gyara kansa. A asibiti ko bene mai hawa da yawa, wannan babban sauƙi ne. Sai dai Revit na yanzu yana neman gig 16, kuma fayil ɗin da aka ajiye da sabon fitowa ba ya buɗewa a tsoho. In ka koma babbar difloma, Autodesk na ba ɗalibai lasisin shekara guda kyauta, na koyo kaɗai, ba na aikin kuɗi ba. Lokacin koyonsa ke nan. SketchUp kuwa kada ka yar da shi, yana da amfani wajen nuna wa mai gida siffar abin da zai biya.

Revit na satan nan ka goge shi yau. Haƙƙin wasu ne, kuma irinsa ke shigo da cutar da ke lalata fayil. Zanen mutane amana ce a hannunka.

Akwai abin da ba manhajar da za ta yi maka. Ba za ta gaya maka kada ƙofar zaure ta kalli tsakar gida ba, ko kada manyan tagogi su fuskanci yamma a garin da zafin Afrilu ke haura digiri 40. Ba kuma za ta ba ka hatimi ba. Izinin gini a hannun hukumar raya birane ta jiha yake, wato KUDA, kuma difloma ba ta ba ka ikon sa hannu a matsayin mai zanen da hukumar ARCON ta yi wa rajista ba. Ka nemi mai rajista ya duba aikinka, harsashi da rodi kuma ka bar wa injiniya mai rajistar COREN.

In ka gama, ka buga a takarda A3 kwafi biyu, ka sa na birkila a leda saboda ƙura da siminti. Ka je filin da tef ɗinka ranar da za a kafa turaku, ku ja igiyar farko tare.