TSEREN RABIN FANFALAKI A CIKIN BIRNI: YADDA AKE SHIRI DA AUNA TAKU

Gabatarwa

Jama'a, tseren gudu a kan titunan birni ya samu karɓuwa a ƙasarmu. A shekarar 2016 aka soma babban tseren fanfalaki na Legas, kuma a watan Nuwamba na 2020 aka yi tseren kilomita 21 a Kaduna. Masu shiga sun haɗa da ma'aikata da 'yan kasuwa da ɗalibai, maza da mata. Wannan abin farin ciki ne, gama lafiya uwar jiki ce. Amma a irin wannan tsere akan ga waɗanda suka fita a guje kamar an koro su, kafin a kai rabin hanya sun koma jan ƙafa, wasu ma sai an ɗauke su a motar asibiti. Yawancinsu ƙarfi bai gaza musu ba, lissafi ne ya kuɓuce musu. An shirya wannan darasi domin wanda ke da niyyar shiga ya san yadda zai shirya jikinsa, ya fahimci hanyar da zai bi, ya kuma raba ƙarfinsa har ya isa lafiya.

Mene ne nisan tseren?

Cikakken gudun fanfalaki, wanda wasu ke kira gudun ya-da-ƙanin-wani, nisansa kilomita 42 ne da mita 195. Wannan awo ya samo asali daga wasannin Olamfik da aka yi a Landan a 1908. Rabinsa kuwa, watau wanda muke magana a kai, kilomita 21 ne da mita 97 da rabi, ko mil 13 da ɗan ɗoriya. In da a filin wasa za a yi shi, inda zagaye ɗaya yake mita 400, sai mutum ya kewaya kusan sau 53.

Gwanayen duniya sukan gama shi cikin kimanin awa guda. A 2021 Jacob Kiplimo na Yuganda ya gama a birnin Lisbon cikin minti 57 da daƙiƙa 31, watau kowace kilomita cikin kamar minti 2 da daƙiƙa 44. A wannan shekara kuma Letesenbet Gidey ta Habasha ta gama a Valencia cikin awa 1 da minti 2 da daƙiƙa 52. Waɗannan sana'arsu ke nan. Sabon shiga in ya gama cikin awa biyu zuwa uku, da ƙafafunsa, yana cikin hayyacinsa, ya yi abin yabo.

A fara da ganin likita

Kafin ka soma horo, je asibiti a duba ka, musamman idan ka haura shekara 40, ko kana da hawan jini, ciwon suga, asma, sikila, ko kuwa ka taɓa jin ciwon ƙirji ko jiri a lokacin aikin ƙarfi. Haka kuma mace mai juna biyu ko wadda ba ta daɗe da haihuwa ba. Rigakafi ya fi magani.

Horo: ba a fafe gora ranar tafiya

Wanda ya riga ya iya gudun kilomita 5 ba tare da tsayawa ba, yana bukatar kamar mako 12 na shiri. Wanda bai kai haka ba, sai ya ƙara wata biyu a gaba, yana haɗa tafiya da sassarfa har jiki ya saba. Ga yadda za a tsara mako:

1. Kwana biyu na gudun sannu, kilomita 5 zuwa 8. Ma'auninsa shi ne ka iya hira da abokin gudunka ba tare da numfashi ya sarƙe ka ba. In magana ta gagara, ka yi sauri da yawa.

2. Kwana ɗaya na koyon taku. Bayan ka ɗumama jiki, yi kilomita 3 zuwa 6 da ainihin saurin da kake so ka riƙe ranar tsere, kana duba agogo. Da haka ƙafa za ta haddace takun, har ka riƙa gane shi ko ba agogo.

3. Kwana ɗaya na dogon gudu, a hankali. Fara da kilomita 7 ko 8, kana ƙara ɗaya ko biyu kowane mako, har ka kai 16 zuwa 18. Ba tilas ne ka cika 21 a horo ba.

4. Sauran kwanakin na hutu ne. A lokacin hutu tsoka ke gyaruwa ta ƙara ƙarfi, saboda haka kada ka ɗauke shi lalaci.

Kowane mako na huɗu a rage nisa domin jiki ya farfaɗo. In ya rage kwana 10 zuwa 14 a yi tsere, sai a sassauta horo ƙwarai. Abin da ba a samu a wata uku ba, ba za a same shi a makon ƙarshe ba, sai dai a gayyato rauni.

Da yake motoci a ƙasarmu hannun dama suke bi, mai horo a bakin titi ya bi gefen hagu, yana fuskantar abin hawa mai tahowa. Ya sa tufa mai haske in da asuba ne, kada kuma ya toshe kunnuwansa da waƙa.

San hanyarka tun kafin ranar

Titin birni ba shimfiɗaɗɗen fili ba ne. Akwai hawa da gangara, da gadoji, da shataletale, da wuraren da babu inuwa. Masu shirya tsere sukan fitar da taswirar hanya tun da wuri. Nemi taswirar, in da hali ka bi hanyar a mota ko a keke, ka lura da abubuwa huɗu: inda hawa yake, inda za a ba da ruwa, inda rana za ta buge ka, da inda ma'aikatan lafiya za su tsaya.

Bari mu ɗauki misali daga wani shahararren tsere na ƙasar Ingila mai suna Great North Run, wanda aka fara a 1981 da mutum wajen 12,000, kuma Mo Farah ya ci shi sau shida a jere daga 2014 zuwa 2019. Ana tashi daga birnin Newcastle. Farkon hanyar akwai gangara, ga taron 'yan kallo suna sowa, har a haye gadar kogin Tyne. Daga nan sai hanya ta riƙa hawa a hankali zuwa wajen kilomita ta 8, inda ta fi tudu. Sai ta sauka na ɗan lokaci, sa'an nan ta sake wani dogon hawa a kashi na ƙarshe, daidai lokacin da ƙafa ta gaji. Bayansa sai gangara mai tsanani zuwa bakin teku a garin South Shields, inda ake ƙarasa sauran kamar kilomita biyu. Wanda gangarar farko da sowar jama'a suka ruɗe shi, a hawan ƙarshe yake biyan bashi. Wanda ya san abin da ke gabansa kuwa, ya tanadi ƙarfinsa domin wannan wuri.

Darasin ya shafi kowane birni. Gada doguwa, irin ta Third Mainland a Legas wadda masu cikakken fanfalaki suka sha hayewa, tana da wahala iri uku: hawa a bakinta, iska a kanta, da rashin inuwa. A wurin hawa, gajarta taku, ka bar sauri ya ragu, numfashinka ya zauna yadda yake. A gangara kada ka saki jiki gaba ɗaya, domin dukan ƙasa da ƙarfi yana gajiyar da cinya.

A sani kuma, ana auna hanyar tsere ta bin layi mafi gajarta. Mai yawan kewaye a kwana, ko mai kutsawa hagu da dama cikin taro, ƙara wa kansa nisa yake yi. Na'urar auna nisa ta wayar hannu takan yi kuskure a tsakanin dogayen gine-gine, don haka allunan kilomita da ke bakin hanya su ne abin dogara.

Lissafin taku

Taku shi ne yawan mintocin da kake ci a kowace kilomita. Ga abin da ake bukata domin gama tseren a lokuta dabam-dabam:

Awa 1 da minti 45: minti 4 da daƙiƙa 59 a kilomita.
Awa 2: minti 5 da daƙiƙa 41.
Awa 2 da minti 15: minti 6 da daƙiƙa 24.
Awa 2 da rabi: minti 7 da daƙiƙa 7.
Awa 3: minti 8 da daƙiƙa 32.

To, yaya mutum zai san wanda ya dace da shi? Kada buri ya zaɓa maka, bari gwaji ya zaɓa. Kamar wata guda kafin tsere, yi gudun kilomita 10 iyakar ƙoƙarinka, ka riƙe lokacin. Bisa wani lissafi da injiniya Pete Riegel na Amurka ya fitar a 1977, in ka ninka wannan lokaci sau biyu, ka ƙara kashi ɗaya cikin biyar nasa, za ka samu kimanin lokacinka na rabin fanfalaki. Alal misali, mai gama kilomita 10 cikin minti 60 zai sa ran awa 2 da minti 12. Sabon shiga ya ƙara minti biyar zuwa goma a kai, in ana zafi ma ya ƙara fiye da haka.

Da ka tsai da lokaci, rubuta zangunanka a ɗan ƙyalle ko a bayan hannu. Mai neman awa biyu da rabi zai wuce kilomita 5 a minti 35 da rabi, kilomita 10 a awa 1 da minti 11, kilomita 15 a awa 1 da minti 47, kilomita 20 a awa 2 da minti 22.

Raba tseren gida uku

Kashi na farko, daga tashi zuwa kilomita 5, na haƙuri ne. Jiki sabo, zuciya tana ɗoki, mutane suna wuce ka. Ƙyale su. Riƙe taku wanda ya gaza na lissafinka da daƙiƙa 10 zuwa 15 a kowace kilomita. Dalili kuwa shi ne, jiki yana ajiye abinci mai saurin ba da ƙarfi a cikin tsoka da hanta, kuma ajiyar tana da iyaka. Gudu mai tsanani yana cinye ta da wuri, yana kuma tara zafi a jiki. Minti ɗaya da ka ci riba da gaggawa a farko, kana iya biyansa da minti biyar a ƙarshe.

Kashi na biyu, daga kilomita 5 zuwa 15, na natsuwa ne. Koma kan takunka sosai, ka tsaya a kai. In ka samu wanda tafiyarku ta zo ɗaya, bi shi, amma agogonka ne alƙali.

Kashi na uku, daga kilomita 15 zuwa ƙarshe, nan ne ainihin tseren. In ka bi ƙa'ida a baya, yanzu za ka riƙa cim ma waɗanda suka wuce ka da safe. In da sauran ƙarfi, ƙara sauri kaɗan kaɗan. In babu, riƙe abin da kake da shi. Tafiya ta minti ɗaya a wurin shan ruwa ba abin kunya ba ce. Sannu ba ta hana zuwa.

Abinci, ruwa da kaya

Daren tsere ci abincin da cikinka ya saba da shi, kamar tuwo, shinkafa ko doya, ban da yawan mai da yaji. Da safe, awa biyu zuwa uku kafin tashi, sha koko ko shayi da burodi, ko ka ci ayaba. Wanda zai wuce awa ɗaya da rabi a hanya, ya riƙe 'yan dabino ya ci bayan rabin tafiya, in ya riga ya gwada haka a horo.

Sha ruwa gwargwadon ƙishirwa, kurɓi kaɗan kaɗan. Ɗirkar ruwa fiye da kima yana rage gishirin jini, abin da kan jawo kumburi da ruɗewa, har ya kai ga halaka.

Kada ka sa sabon takalmi ko sabuwar safa ranar tsere, domin bororo. Shafa basilin a cinya da hammata. Guji shan maganin kashe ciwo kafin gudu, gama wasunsu suna cutar da ƙoda in jiki ya rasa ruwa. Tramadol kuwa, ban da haɗarinsa, an haramta shi a gasar wasanni tun daga farkon 2024.

Zafi da alamun haɗari

Babban abokin gaban mai gudu a ƙasarmu shi ne zafi. A kudu iska tana da laima, gumi ba ya bushewa, jiki ba ya saurin hucewa. A arewa kuwa, lokacin hunturu, gumi yana bushewa nan da nan, mutum yana rasa ruwa bai sani ba. Jiki yana bukatar kwana 10 zuwa 14 kafin ya saba da sabon yanayi. Mutumin Jos da zai yi tsere a Legas ya sa wannan a lissafi, ya rage buri.

Tsaya nan take, ka nemi ma'aikatan lafiya, in ka ji ciwon ƙirji, jiri, amai, ko sanyi yana kama ka alhali ana rana. In ka ga wani yana tangaɗi ko yana magana ba kan gado, zafi ne mai yiwuwa ya buge shi. A kai shi inuwa, a yi ta kwara masa ruwan sanyi ana yi masa fifita, a kira motar asibiti ba tare da jinkiri ba. Wanda ya yi zazzaɓi ko gudawa a makon tsere, ya haƙura sai wani karo.

Ku tuna

Ga likita kafin horo. Yi shiri na mako 12. San hanyarka. Zaɓi taku bisa gwaji. Fara a hankali, ka ƙare da ƙarfi. Bayan ka gama, ci gaba da tafiya na minti goma, sha ruwa, ci abinci, ka huta kwanaki kafin ka koma gudu. Lambar yabo tana da daɗi, amma iyalinka kai suke jira ka dawo gida lafiya.