Darasi: Koya Wa Yaro Yadda Zai Ƙi Taba

'Yan'uwa, duk wanda ya taɓa noman taba ya san ƙanƙantar irinta, har sai an gauraya shi da toka ko yashi kafin a yafa. Shan ta ma da ƙuruciya ya kan soma. Rahoton babban likitan gwamnatin Amurka na 2012 ya nuna kusan mutum 9 cikin mashaya 10 sun fara ne kafin su wuce shekara 18. Shi ya sa malamai a can su ka sa ido a kan 'yan makarantar midil, watau yara masu shekara 11 zuwa 14.

Wata dabararsu ita ce wasan kwamfuta. A 1994 an fito da wani mai suna Rex Ronan, inda likita ya ke ƙanƙancewa ya shiga jikin wani mai tallan taba, yaro kuwa ya taya shi kankare dattin hayaƙi daga haƙora har huhu. Wannan ya nuna ɓarnar taba sosai. Amma yaro ya kan san abu mugu ne, ya kuma karɓa don kunyar abokai.

Daga baya masana a Jami'ar Yel su ka shirya wani, smokeSCREEN. A ciki yaro ya kan zama ɗalibi, shi zai zaɓi abokan da zai bi, shi zai zaɓi amsar da zai bayar in an miƙo masa kara. In ya yi kuskure sai ya ga abin da ya biyo baya, ya koma ya sake. A ganina nan amfanin ya ke. Ya gwada ƙin karɓa sau da yawa tun ranar ba ta zo ba, kamar yadda mu ke koya wa ɗan maraƙi jan garma tun kafin damina.

To, yawancinmu ba mu da kwamfuta, amma muna da inuwar itace. A taro mai zuwa ku zo da yara. Babba ɗaya ya zama mai lallashi, ya ce, "Ja sau ɗaya mana, ko kai ba namiji ba ne?" Ku bar yaro ya nemo amsa da bakinsa. In ya yi shiru kada a yi masa dariya, a sake.

Tambaya don tattaunawa: dokar Nijeriya ta 2015 ta hana sayar wa ɗan ƙasa da shekara 18 taba. Mu nawa ne a ƙungiyar nan har yanzu mu ke aiken yaro wurin mai tebur ya sayo mana?