Hutun da ke cinye ƙarfin tsoho

A gidajenmu, da zarar mutum ya manyanta sai a ɗauke masa komai. Jika ya ɗauko buta, ɗa ya kama hannu a tashe shi daga tabarma, ana cewa "Baba, zauna ka huta." Ladabi ne, ba mai ƙinsa. Amma mu da ke aikin gashi da farfaɗo da gaɓoɓi mun san abin da wannan hutu ke haifarwa, domin tsokar da ba a mora jiki rage ta yake yi, kuma ɓangaren da ke fara tafiya shi ne wanda ke hana tsoho faɗuwa.

Kowace tsoka dami ce ta siraran zaruruwa, a cikin kowane zare kuma akwai layukan furotin iri biyu, aktin da mayosin, jere a tsakanin juna. Idan ƙwaƙwalwa ta aiko saƙo ta jijiya, zaren yakan saki sinadarin kalsiyam da ke ajiye a cikinsa, kalsiyam ya buɗe wuraren kamu a jikin aktin, sai kawunan mayosin su kama, su ja, su saki, su sake kamawa a gaba. Layukan kansu ba sa gajarcewa, shigewa suke yi cikin juna har tsokar ta takure. Andrew Huxley da Rolf Niedergerke, da kuma Hugh Huxley da Jean Hanson, su ne suka bayyana haka a 1954. Makamashin aikin wani sinadari ne da ake kira ATP, kuma ko sakin kamun sai da shi. Shi ya sa gawa ke sandarewa bayan 'yan sa'o'i, ATP ya ƙare, mayosin ya kama bai saki ba.

Zaruruwan ba iri ɗaya ba ne. Akwai masu jinkiri, jajaye saboda yawan jini da sinadarin mayogulobin mai riƙe iskar oksijin. Ƙarfinsu kaɗan ne amma ba sa saurin gajiya, su ke riƙe mutum a tsaye da kuma doguwar tafiya. Akwai masu sauri, waɗanda ke ba da ƙarfi nan take su kuma gaji da wuri. Duk wanda ya taɓa fige kaza ya ga bambancin: ƙirjinta fari ne don fiffikenta na ɗan taƙi ne, cinyarta ta fi duhu don yini take yi tana kiwo. A jikin mutum a gauraye suke cikin tsoka guda. Elwood Henneman na Jami'ar Harvard ya nuna a shekarun 1950 da 1960 cewa jiki ba ya kiran su gaba ɗaya. Masu jinkiri ake fara tayarwa, ba a taɓa masu sauri sai aikin ya yi nauyi ko ya buƙaci hanzari. Mutumin da aka ɗauke wa duk wani abu mai nauyi zai iya yin watanni bai tayar da su yadda ya kamata ba, alhali su ne tsufa ya fi kankarewa. Ranar da ƙafarsa ta yi tuntuɓe a bakin ƙofa, zaruruwan da za su cilla ɗayar ƙafar gaba kafin ya kai ƙasa sun riga sun rame. Karayar ƙugu takan biyo baya, kwanciyar jinya kuma ta ƙara cinye abin da ya rage: wani bincike a Amurka a 2007 ya gano cewa tsofaffi masu lafiya da aka kwantar kwana 10 sun rasa kusan kilo ɗaya na naman ƙafafu.

Wani zai ce ai Baba yana zuwa masallaci da ƙafa sau biyar a rana. Tafiya tana da amfani ƙwarai ga zuciya da suga, kada a bari. Sai dai tafiya a hankali a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa aikin zaruruwa masu jinkiri ne, ba ta kaiwa inda matsalar take. Wani kuma zai ce ɗan shekara tamanin ya wuce lokacin gina ƙarfi. A 1990 Maria Fiatarone da abokan aikinta a Boston sun sa mutum 10 mazauna gidan kula da tsofaffi, masu shekara 86 zuwa 96, ɗaga nauyi da ƙafa na mako 8, ƙarfin cinyarsu ya kusa ninkawa uku. Mutanen ba su da yawa, gaskiya ne, amma a 1994 an maimaita da mutum 100 aka sake ganin ƙaruwar ƙarfi. Uzurin da ya fi nauyi shi ne hawan jini, kuma ban raina shi ba. Yunƙuri tare da riƙe numfashi yana cilla jini sama. Maganinsa a fitar da numfashi lokacin yunƙurin, a fara da kaɗan, mai jinin da bai daidaita ba ko mai ciwon ƙirji ko jiri kuma ya ga likita tukuna.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a jagorarta ta 2020, ta shawarci manya su yi atisayen ƙarfafa tsoka aƙalla kwana 2 a mako, masu shekara 65 zuwa sama kuma su haɗa da na daidaita tsayuwa aƙalla kwana 3. Wannan ba ya buƙatar gidan ɗaga ƙarfe. Tashi daga kujera ba tare da dafawa ba, da ɗan hanzari, a koma zaune a hankali, sau takwas zuwa goma sha biyu, ɗaga dunduniya ana dafe da bango, hawa matakala, ɗaukar galan na ruwa. Idan ya zama da sauƙi a ƙara nauyi, don wahalar yunƙurin ƙarshe ita ke tayar da zaruruwa masu sauri. A haɗa da wake, ƙwai, kifi, nono ko awara a abincin yau da kullum, sai fa mai ciwon ƙoda wanda likita ya ƙayyade wa furotin. 'Ya'ya da jikoki su tsaya kusa don tarewa idan ya yi tangaɗi, amma su bar shi ya yunƙura da kansa.